Mijin da Ke Cikin Waya

Idon Auta lafiyarsa ƙalau. Tana iya zura zare a allura daga tsaye, ba sai ta matsa kusa da taga ba. Amma an gwada idon nan nata har ta haddace allon haruffan da ke rataye a shagon mai tabarau, tun daga ƙaton harafin sama har 'yan mitsi-mitsin ƙasa. Duk lokacin da ta zauna a kujerar gwaji sai ta yi kuskure da gangan a layin ƙarshe, don kawai ya sunkuyo kusa da ita ya ce, "Sake dubawa a hankali."

Shagonta na ɗinkin labule yana kallon nasa, titi ne kawai ya raba su. Daga bakin kekenta tana hango shi ta cikin gilashi: dogo, siriri, shiru-shiru, yana goge tabarau da ɗan ƙyalle kamar mai lallashin jariri. Idan tsohuwa ta shigo ba ta gani sosai, sai ya zagayo ya riƙe mata ƙofa. Idan yaro ya tsorata da na'urar gwaji, sai ya fara leƙa ta da kansa don yaron ya ga ba ta cizo. Wace zuciya ce za ta ga wannan kullum ta zauna lafiya? Ta Auta dai ba ta zauna ba. Ta sha ɗinke bakin labule a karkace saboda kallon tsallaken titi, ta warware, ta sake, tana murmushi kamar wadda aka yi wa kyauta.

Ranar da ta sayi tabarau a wurinsa, irin wanda gilashinsa ba ya ƙara komai ba ya rage komai, ta ga lambar wayarsa a jikin akwatin. Ta dawo shago ta zauna za ta ajiye lambar. Ta rubuta "Mai Tabarau". Ta kalli sunan, ta ga ya yi sanyi, kamar na mai kawo ruwa. Ta goge. Ta rubuta "Mijina". Sai ta kifa wayar a kan yadi, ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya ita kaɗai, ƙafafunta na buga ƙasa. Wa zai gani? Ai wayarta ce.

Ba a daɗe ba injin kekenta ya ƙone, daidai lokacin da wani otal ya ba ta aikin labulen ɗakunansa. Wata maƙwabciya ta nuna mata manhajar bashi a waya: ki danna nan, ki danna can, ki amince, ki sake amincewa, kafin shayinki ya huce kuɗi sun shigo. Auta ta danna duk abin da aka ce ta danna, ko layi ɗaya ba ta karanta ba. Ta sayi inji, ta ɗinka labulen, ta je ta rataye su da hannunta. Otal ya yaba. Otal ya ce aiki ya yi kyau ainun. Otal ya ce manaja ya yi tafiya, sai ya dawo za a biya. Lokacin biyan bashi ya zo ya wuce.

Mutumin da kamfanin bashin ya ɗora mata yana magana ta hanci, kamar mura ta kama shi tun yana goye ba ta sake shi ba, don haka a ranta ta sa masa suna Mai Mura. Da farko "ranki ya daɗe" yake ce mata. Daga nan ya koma "ke". Daga nan ya koma abin da baki ba zai maimaita ba. Yana kira tana yanka, yana kira tana awo, yana kira da loma a bakinta. Ta ba shi haƙuri, ta faɗa masa zancen otal, ya ce shi ba otal ya ba bashi ba.

Sai saƙonni suka fara fita zuwa ga mutanenta. Hotonta ne, wanda ta ɗauka ranar da ta yi rajista, an rubuta "ɓarauniya" da jan rubutu a goshinta. Ya isa wurin Gwaggonta, Gwaggo ta bugo tana kuka tana tambaya ko an riga an kama ta. Ya isa wurin tsohuwar malamarta ta makaranta. Wata mai ba ta aiki ta zo ta karɓe yadinta ba tare da ta zauna ba. Ranar Auta ta yi kuka har zaren da ke hannunta ya jiƙe. Ta ɗauka babu abin da ya rage da za su iya yi mata.

Da hantsi washegari wayar ta sake ƙara.

"Kin ga dama ki biya, ba ki ga dama ba ki biya," in ji Mai Mura. "Mun gaya wa mijinki."

"Wane miji? Malam, ni ba ni da…"

Sai ta tuna sunan da ke cikin wayarta.

"Yanzu muka ajiye waya da shi. Yau ya san irin matar da ya aura."

Auta ta ɗaga kai a hankali. Ga mai tabarau tsaye a ƙofar shagonsa, waya a hannu, yana kallon tsallaken titi. Ta zame daga kujera, ta shige ƙarƙashin teburin yanka, ta ja ragowar wani koren yadi ta lulluɓa.

A nan Yayarta ta same ta. Yaya ma'aikaciyar jinya ce a wani ɗan asibiti da ke ƙarshen layin, takan biyo da rana ta ci abincin Auta ta kuma kushe shi.

"Ke Auta, me kike nema a ƙasa? Allura?"

"Kabari nake nema, Yaya."

"To matsa in gani ko zai ɗauki mutum biyu, ni ma na gaji. Me ya faru?"

Auta ta faɗa mata daga ƙarƙashin yadi, guntu-guntu. Da ta zo kan sunan da ke cikin waya, sai Yaya ta fashe da dariya. Ta dafa tebur, ta dafa ciki, ta zauna daɓas a kan dilar yadi hawaye na zuba.

"Ashe an yi biki ba a gayyace ni ba! Auta! Ni da na goya ki! To ango ya sani kuwa, ko shi ma a waya ya ji?"

"Yaya, don Allah!"

"Wayyo cikina. Shi ya sa kike yawo da tabarau kamar alƙali, ke da kike hango kuɗin cizo daga ƙofar gida!"

Amma da Auta ta miƙo mata wayar ta ga hoton nan mai jan rubutu, dariyar ta ɗauke kamar an kashe famfo. Ta daɗe tana kallonsa. Ta miƙe ta kakkaɓe rigarta.

"Fito. Wannan ba abin dariya ba ne. Wancan ne abin dariya, kuma zan ɗora daga inda na tsaya in mun dawo. Sa takalminki."

Ofishin da ke karɓar koke a kan kamfanonin bashi yana saman wani kantin takalma. Matakala ƙunƙuntacciya, benci dogo, fanka na juyawa tana ƙorafi. Lauyar da ta karɓe su gajeriyar mace ce mai kaifin ido, biro a baki, takalmanta a cire a ƙarƙashin tebur. Ta saurari labarin ba ta katse ba, sannan ta cire biron.

"Kin ci bashin?"

"Na ci, ranki ya daɗe."

"To za ki biya. Wannan ba ni da maganinsa, kar ki ce ban faɗa miki ba. Amma kuɗi suka ba ki aro, ba sunanki suka saya ba. Doka ta ba su dama su tuna miki, su rubuto miki, in kin ƙi su kai ki kotu. Ba ta ba su damar zagi ba, ko barazana, ko su hana ki sakat da kira. Ba ta ba su damar gaya wa wani mahaluki cewa ana bin ki ba, ko da uwar da ta haife ki ce, sai wanda ya sa hannu ya tsaya miki. Balle su shiga wayarki su kwashe lambobin mutanenki."

"Amma ai na danna na amince," in ji Auta da ƙaramar murya.

"Kin amince a zage ki? Nuna mini inda aka rubuta. Babu dannawar da take halatta abin da doka ta hana."

Auta ta ji wani abu mai nauyi da ya kwana biyu a ƙirjinta ya ɗan matsa gefe. Ta ɗauka mai bin ka bashi ya mallake ka ne gaba ɗaya, har da numfashinka. Ashe akwai iyaka! Ashe akwai ɗakin da mutum zai shigo da hotonsa mai jan rubutu a ce masa an zalunce shi!

Lauya ta ci gaba, tana rubutu tana magana. Yau za a aika wa kamfanin takarda cewa kada su sake kiranta, duk abin da za su faɗa su faɗa a rubuce. Za a nemi su kawo bayanin asalin bashin da duk abin da suka ɗora a kai. Kada Auta ta goge saƙo ko ɗaya, komai muninsa. Sannan za a kira su zama a gaban shugaban sasanci.

"Sai dai ga inda gizo yake," in ji ta, ta tsaya ta gyara zancen, "ga inda matsalar take. Saƙonnin nan da lambobin haya suke tura su, gobe su yar. Za su zo su ce ba su san su ba. Muna buƙatar wanda suka kira da baki, da layin kamfanin kansa. Akwai?"

Auta ta kalli fanka. Yaya ta kalli Auta, tana danne dariya.

"Akwai mijinta," in ji Yaya.

"Madalla. A kawo shi."

"Sai dai shi bai san shi ne ba."

Dole Auta ta yi bayani, tana magana da gefen gyalenta. Lauya ba ta yi dariya ba, amma idonta ya yi wani irin haske, irin na mage da ta ji motsi a bayan buhu.

"Kar ki canza sunan nan. Kar ki ko taɓa shi. 'Yar uwa, za ki iya faɗin abin da kika faɗa mini yanzu a gaban mutane? A gabansa?"

"Gara in mutu."

"To. Wataƙila ba za a kai ga ko ɗaya daga cikin biyun ba. Je ki kawo mini shi."

Auta ba ta je ba. Ta zaɓi labule mafi kauri a shagon, irin wanda masu aikin dare suke saya don rana kada ta tashe su, ta rataya a tagarta. Ta koma shiga ta ƙofar baya. Ta rantse wa kanta gara duniya duka ta kira ta ɓarauniya da ta tsaya gaban mutumin nan ya dube ta da idon da ya san abin da ke cikin wayarta. Amma labulen yana da 'yar tsaga a tsakiya, kuma ita ta bar ta.

Takardar lauya ta isa kamfanin, Mai Mura ya ƙara wuta. Ya ce tunda ta iya kai ƙara, zai tura hoton ga duk masu shagunan layin, ɗaya bayan ɗaya. Wata amarya da ta ba da aikin labulen gidanta duka ta bugo ta ce ta fasa. Auta ta zauna a shagon da ya yi duhu, keke shiru, ta kalli hannayenta. Ba su taɓa ɗaukar abin kowa ba. Ta miƙe, ta sa tabaraun nan nata don ya ba ta ƙarfin hali, ta tsallaka titi ba ta ko duba mota ba.

Shagon mai tabarau madubi ne ta ko'ina. Tana shiga ta ga kunyarta ta dama, ta gan ta ta hagu, ta gan ta har a rufi. Shi kuma yana ganinta ɗan sukudireban da ke hannunsa ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin tebur, bai bi shi ba.

"Sannu da aiki, Malam."

"Yawwa, sannu. Idon ne?"

"A'a."

"Tabaraun?"

"A'a. An… an kira ka."

"An kira ni," in ji shi, yana kallon wani tabarau da ke gabansa kamar yau ya fara ganin irinsa.

Ta zubo maganar a guje, kamar mai sauke tukunya mai zafi: bashin, otal, hoton, lauya, zaman da za a yi, shaidar da ake nema. Kalma ɗaya ce kawai ta tsallake, kuma su biyun sun ji ƙarar tsallakewar.

"Wayata tana naɗar duk kiran da ya shigo," in ji shi. "Saboda masu karanto mini lambar gilashi ta waya. In na yanka sai su ce ba haka suka faɗa ba. Kiran yana nan. Zan zo."

Shi ke nan. Bai ƙara ba, bai rage ba. Auta ta fito tana juya kalmomin nan a ranta kamar mai neman bakin zare. Zan zo. Tausayi ne? Haushi ne? Ko kunya yake ji a madadinta? Ta kai wa Yaya su da yamma, ta faɗa da murya mai sanyi, ta sake faɗa da murya mai zafi, ta tambaye ta wacce ta fi kama da so.

"Ko kuma dai mutumin bai iya magana ba ne," in ji Yaya, "kamar yadda ke ba ki iya shiru ba. Allah ya haɗa ku, a samu mutum ɗaya cikakke."

Ranar zama aka shigar da su wani ɗaki mai dogon tebur. Shugaban sasanci dattijo ne mai furfura har a gira, yana da kofin ruwa a gabansa da yake juyawa a hankali. Wakilin kamfanin ya zo da jaka mai sheƙi da turaren da ya riga shi shigowa, yana yi wa kowa murmushi har da fanka. Mai tabarau ya zauna a ƙarshen tebur cikin riga mai guga, hannayensa a kan gwiwa kamar ɗan makaranta. Auta ta zauna tsakanin Lauya da Yaya, tana addu'ar ƙasa ta yi mata alfarma ta tsage.

Lauya ta baje hotuna da saƙonni. Wakili ya dube su, ya girgiza kai cikin jimami, ya ce abin takaici ne ƙwarai, amma waɗannan lambobi ba na kamfaninsu ba ne. Duniya ta lalace, in ji shi, kowa na iya tura komai.

"To bari mu ji wanda ya fito daga layinku," in ji Lauya.

Mai tabarau ya ɗora wayarsa a tsakiyar tebur ya danna. Muryar Mai Mura ta cika ɗakin.

"Kai ne mijin mai ɗinkin labule?"

Auta ta runtse ido. A cikin naɗin aka ji ƙarar wani abu na gilashi ya faɗi ya tarwatse.

"Ina jin ka," in ji muryar mai tabarau.

"Matarka ɓarauniya ce. Ta ci kuɗinmu ta gudu."

"Ba ta gudu ba. Ga ta can ina kallonta, tana auna yadi, alli a bayan kunnenta. Ita ke fara buɗe shago a layin nan, ita ke rufewa a ƙarshe. Ranar da ruwan sama ya sauko ba shiri, labulen da ta gama ɗinkawa ta ɗauko ta rufa wa tsohon da ke sayar da jarida kayansa, ta koma ta ɗinka wani. Ita kake kira ɓarauniya?"

"To tunda kana son ta haka, biya mata."

"In kuna bin ta, ku bi ta ta hanyar da ta dace. Amma ka sake kiranta da sunan nan, ni da kai ne." Muryar tana rawa, irin rawar muryar wanda bai saba faɗa ba.

Auta ta buɗe ido. Ɗakin yana juyawa a hankali kamar kofin dattijo. Alli a bayan kunne! Ashe gilashin nan ta fuska biyu ake gani! Ashe duk lokacin da take ɗinke labule a karkace, a can tsallaken ma wani yana goge tabarau ɗaya har ya kusa hudawa! Yaya ta mintsine ta a cinya, ba ta ko ji ba.

Wakilin kamfani ne ya dawo da ita ƙasa. Ya buɗe hannuwa, murmushinsa ya ƙara faɗi.

"Ranka ya daɗe, kun ji da kunnenku. Bai musa ba. Mijinta ne, ita ta ba mu lambarsa a matsayin wanda ya tsaya mata, kuma doka ta yarda a tuntuɓi irin wannan. Kalmomin da aka yi amfani da su ba su dace ba, kuskuren ma'aikaci ɗaya ne, za mu ja masa kunne. Amma kamfaninmu bai taɓa leƙa wayar kowa ba."

Dattijo ya daina juya kofi. Ya dubi Auta ta ƙarƙashin farar girarsa.

"'Yata, mijinki ne?"

Ga ƙofa a buɗe. Gyaɗa kai kawai za ta yi, ɗan kaɗan, ba sai ta ce uffan ba. Za a ja wa Mai Mura kunne, kowa ya watse, asirinta ya koma cikin waya ya kwanta. Har ma za ta zama matarsa na ɗan lokaci, a gaban hukuma, a rubuce! Zuciyarta ta yi tsalle a kan wannan kafin ta tsawata mata. Sai ta tuna kukan Gwaggo, da jan rubutu a goshinta, da sauran lambobin da har yanzu suke hannun mutanen nan. Lauya ba ta dube ta ba, biro kawai take taunawa.

Babu wanda ya ce ta miƙe, amma ta miƙe, har kujerar ta faɗi a bayanta.

"Ba mijina ba ne, Baba. Ban taɓa aure ba. Ban ba kowa lambarsa ba, ni kaina ban taɓa samun ƙarfin halin kiran ta ba. Duk maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce ta ido ba, kuma idona lafiyarsa ƙalau, Malam, ka yafe mini ɓata maka lokaci." Ta zaro wayarta, ta buɗe, ta juya ta ga dattijo. "Ni na rubuta. Ni kaɗai, a shagona, babu kowa. A duk faɗin duniyar nan wuri ɗaya ne aka taɓa cewa mutumin nan mijina ne, ga shi nan. Ko Yayata ba ta sani ba sai bayan an kira shi, ita da ta san yawan haƙorana."

"Wallahi a lokacin ban sani ba," in ji Yaya. "Da na sani da tuni layin nan duka ya sani."

Dattijo ya sunkuya ya karanta, ya yi gyaran murya mai tsawo wadda ta yi kama da wani abu daban. Auta ba ta yarda ta kalli ƙarshen tebur ba. Fuskarta zafi take kamar dutsen guga, amma abin mamaki, ƙafafunta sun yi sakayau, kamar ta sauke dilar yadi daga ka.

Lauya ta cire biro daga baki, ta sa takalmanta a ƙarƙashin tebur, ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya gare ni. Kamfanin da bai taɓa leƙa wayar kowa ba, a ina ya ga wannan auren? In kuma ita ta ba su shi a matsayin wanda ya tsaya mata, a nuna mana inda ya sa hannu."

Wakili ya buɗe jakarsa mai sheƙi. Ya duba gaba, ya duba baya, ya zuge wani zif ya mayar. Ya ce zai buƙaci ya tuntuɓi ofis. Murmushin yana nan a fuskarsa, amma kamar hoton da ƙusarsa ɗaya ta fita.

Dattijo bai ja zancen ba. Daga yau babu mai sake kiran Auta ko wani nata. Kamfanin zai goge duk lambobin da ya kwasa, ya kuma aika wa kowace lamba da hoton ya je saƙon janyewa da ban haƙuri, da sunan kamfanin a ƙasa. Tarar da suka yi ta ɗorawa tun da aka fara cin zarafin za a cire ta, asalin bashin Auta za ta biya kaɗan-kaɗan yadda za ta iya. Maganar shiga wayar mutane kuwa ta fi ƙarfin teburin nan, zai tura ta ga hukumar da ke ba su izinin aiki. In kuma Auta tana son neman diyyar ɓata suna a kotu, ƙofa a buɗe take.

"Otal ɗin nan ma," Lauya ta raɗa mata, "kawo mini shi gobe. Mu ma mun iya bin bashi, cikin ladabi."

Auta ta yi godiya ga dattijo, ga Lauya, har ga wakili saboda ruɗewa, ta tsinci kujerar da ta kayar, sannan ta yi waje kafin kowa ya motsa. Ta ci nasara, mutuncinta ya dawo, kuma ba za ta sake iya kallon tsallaken titi ba har abada. Za ta sayar da keke. Za ta koma wani layi. Za ta koma wani gari inda kowa idonsa lafiya.

Ta kai tsakiyar matakala ta ji takun sauri a bayanta.

"Malama. Don Allah, ɗan tsaya."

Ta tsaya, ta kama ƙarfen matakala da hannu biyu, ba ta juyo ba.

"Ke kin faɗi taki gaskiyar a ciki," in ji mai tabarau, yana haki kamar wanda ya yi gudun gari guda. "Ni ban faɗi tawa ba. Da mutumin ya yi tambayar nan, na san abin da ya kamata in ce. In ce ya yi kuskuren lamba. Na buɗe baki, bakin ya ƙi."

"Me ya sa?"

"Tunda nake, ba a taɓa yi mini kuskure mai daɗi irin wannan ba."

Ta juyo. Yana tsaye a saman ta da ɗan tazara, dogo har kansa na neman taɓa rufi, yana murɗa gefen rigarsa mai guga har ta yamutse.

"Ni ban iya magana ba," in ji shi. "Amma na amsa sunan da ba nawa ba a gaban mutane, kuma ba na son in zauna a haka. Yaushe… yaushe mahaifinki yake zama a gida?"

Ƙafar Auta ta nemi mataki na gaba ba ta same shi ba. Ta zauna daɓas a kan matakala, dariya da kuka suka taho tare suka cushe a ƙofar bakinta, babu wanda ya ba wani hanya.

Daga can sama, ta bayan ƙofar da ba a rufe sosai ba, muryar Yaya ta sauko har kantin takalma ya ji.

"Kullum yana gida! Ya yi ritaya!"